Kwamfutar da Muka Goyo Daga Zugurma

Kwanakin baya na zauna a shagon jikana, wanda ke ɗora wa kamfanoni manhaja a kan na'urori masu yawa, ina kallonsa shi da abokan aikinsa. Sai ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, "Bar wannan, saiti ne kawai, minti biyu an gama." Ban tanka ba, don idan tsoho ya fara magana a shagon matasa, nan take kowa yake tuna yana da saƙo a waya. Amma maganar ta biyo ni har gida. Na yi shekaru ina wannan aiki tun kafin a haife su, kuma na san layi ɗaya na saiti da ya kusa raba wani bawan Allah da aikinsa da mutuncinsa. Ni ne na bar layin a wurin.

Ban fara da kwamfuta ba. Gyaran tafireta na koya a Kaduna, daga nan na shiga gyaran na'urar teleks, ita ta kai ni Ikko. A can na faɗa hannun wani mutumin Gana, Mista Kwaku, wanda ya koya mini kwamfuta. Dokokinsa biyu ne: kada ka taɓa fayil sai ka kwafe shi, kuma in ka canza layi, ka karanta shi da ƙarfi, kunnenka ya ji. In ka yi shiru kana danne-danne, sai ka ji rula a kan tebur kusa da yatsunka. Bayan na bar shi na yi Yamai, na yi Kumasi, na ɗan taɓa Jidda. A Yamai ko fis ɗin wuta ka canza sai ka rubuta a rajista ka sa hannu, halin da suka gada daga Faransawa. A Jidda in abu ya lalace jefar da shi ake yi a sayo sabo. Da na dawo gida Kontagora a tsakiyar shekarun casa'in, sai na tarar mu ba ma rubutawa, kuma ba mu da halin jefarwa.

Aikin da ya dawo da ni na wani shiri ne na lafiyar dabbobi. An kawo kwamfuta huɗu: babbar a nan Kontagora inda ɗakin ƙanƙara na ajiyar allurar rigakafi yake, ɗaya a Ibeto, ɗaya a Mashegu, ɗaya a Zugurma. Kowace safiya da ƙarfe goma ake tayar da janareta a duk tashoshin, na'urorin su yi magana da juna ta rediyon sadarwa. Ƙarar kamar an shaƙe kaza. Kayan aikina ba su wuce jaka ɗaya ba: sukudireba uku, mita, burushin fenti, da kwalin faifan filofi da nake naɗewa a leda. Manyan abokan gabana zafi ne, da wutar janareta mai hawa da sauka, da zanzaro, wanda bai san wurin gina gidansa ba sai cikin fankar na'ura.

Manhajar ɗaya ce a duk na'urorin, amma ɓangare uku gare ta. Akwai mai rajistar garke, akwai mai lissafa yawan allurar da za a aiko, akwai mai tura saƙo ta rediyo. Akwai babban fayil na saiti da ya shafi duka ukun, inda sunan tasha yake. Sannan kowane ɓangare yana da nasa ƙaramin fayil, kuma in maganarsu ta saɓa, ta ƙaramin ake bi. Nakan kwatanta wa ma'aikata da gidan gandu: maigida ya ce yau tuwon dawa za a ci, amma abin da ke cikin tukunyar kowane sashe, mai tukunyar ce ta sani.

Wanda ya rubuta manhajar a can ƙasarsu ya ɗauka makiyayi zai zo ya ce shanuna kaza ne. A Ibeto hakan ya yi daidai, don manoma ne masu shanun huɗa, mutum ya ce biyu gare ni, ko huɗu. Amma Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa a gaban mutane. Ya san kowace da sunanta da launinta da uwarta, sai dai lamba ba za ta fito daga bakinsa ba. Wasu sun ce gudun baki ne, wasu sun ce tsohon tsoron jangali ne bai sake su ba. Na ga haka a Nijar, na ga haka a arewacin Gana. Iyakar abin da zai gaya maka shi ne sanda nawa gare shi, wato garke nawa, kowane da makiyayi ɗaya mai sanda a bayansa. To sai aka bar mini layi ɗaya a ƙaramin fayil na ɓangaren lissafi, in rubuta shanu nawa ne a sanda ɗaya.

Nan ne aikin yake, domin sanda ba ɗaya ba ce. A wajen Mashegu gonakin doya sun matse makiyaya, garke ƙanana ne, na sa arba'in. A Zugurma daji ne buɗaɗɗe, mutum ɗaya yakan kora abin da zai cika ido. Mai kula da tashar can Malam Isa ne, Bakambare, ma'aikacin dabbobi da Fulani ke kira Likita. Mutum ne mai magana a hankali, ya fi shekara goma a wurin, har haihuwar saniya ake tayar masa da ɗan aike. Kwana uku muka yi da shi muna zama a kan wani tudu da ke kallon mashaya, kamar masu shan iska, muna ƙirga shanun babban ardon yankin, Ardo Maunde, da tsakuwa a aljihu. Muka tsaya a kan casa'in. Na rubuta casa'in a fayil ɗin Zugurma, ban rubuta a ko'ina ba kuma.

Shekarar da abin ya faru ita ce mafi muni da na gani a aikin. Ga wahalar mai, mutum ya kwana biyu a layi ya samu galan ɗaya. Ga ciwon huhu ya ɓulla a shanu ta yamma da mu, a tsakiyar damina, aka ce a yi rigakafin gaggawa. Ana cikin haka babban faifan na'urar Zugurma ya mutu. Na je da sabo a kan babur, da man da zai kai ni ya dawo da ni kawai, ga hadari ya haɗu ta gabas, ga rafi a hanya wanda in ya cika sai ka kwana biyu. Na ɗora manhajar daga filofin da na kwafo a Mashegu, don na'urar can ce mafi lafiya. Na buɗe babban fayil, na goge Mashegu na rubuta Zugurma. Na gwada rediyo, Kontagora ta amsa. Malam Isa ya ce in tsaya in sha fura, na ce ruwa zai tare ni. Ƙaramin fayil ɗin ban buɗe shi ba.

Ardo Maunde ya yi rajistar sanda goma sha huɗu, nasa da na danginsa. Na'ura ta yi lissafinta ta tura Kontagora, aka aika kular allura. Da Malam Isa ya ɗaga ta ya ji ba nauyi, ya kira ta rediyo ya ce allurar ta yi kaɗan. Mai kula da ɗakin ƙanƙara ya ce masa, "Malam Isa, kwamfuta ce ta faɗa. Kai ka fi ta ilimi ne?" A shekarar da komai ke ƙaranci, ba wanda ke jayayya da ƙaramar lamba.

Fulani suka koro shanu, wasu tafiyar kwana biyu. Kafin azahar allura ta ƙare, fiye da rabin shanun suna tsaye. Ardo ya ce an wulakanta shi, ya ce Likita ya sayar wa fatake da rabonsa, ya kora dukiyarsa ya shige daji. Maganar ta riga Malam Isa isowa Kontagora. Takarda ta nuna an aika abin da ya ishi kowace saniya. Ya nuna kwalaben da ya juye, aka ce kwalba ba ta faɗin jikin saniyar da aka juye ta. Ya ce a je a ƙirga shanun, to wa zai ƙirga, kuma ina shanun? Aka dakatar da shi, aka sa kwamiti ya zauna ranar Alhamis da ƙarfe goma. Kowa ya san kora ce, kuma ma'aikacin da aka kora da sunan satar allura ba zai ƙara shiga ruga ba.

Shugaban shirin, Dakta Ndagi, Banufe ne, ni kuwa kakana daga Katsina ya zo garin nan, don haka wasa ne tsakaninmu kullum. In ya gan ni sai ya ce, "Bakatsine, bawana, ina kwanan ubangidanka?" Ni kuma in ce masa tun yaushe bawa ya fara zama a kujerar mai gida. Ranar Talata da ya kira ni bai yi wasan ba. Ya ce, "Injiniya, ka buga mini lissafin Zugurma. Shi za mu ajiye a gaban Malam Isa."

Na buga. Firintarmu mai allura ce, tana kuka tana fitar da layi ɗaya bayan ɗaya. Sanda goma sha huɗu, allura ɗari biyar da sittin. Na tsaya ina kallon lambobin nan biyu. Tsohuwar ɗabi'a ce, in na ga lamba biyu sai na raba. Arba'in ya fito. Na sake rabawa a bayan takardar da biro. Arba'in. Arba'in kuwa na Mashegu ne.

Na'urar Kontagora jimla kawai take karɓa, ƙaramin fayil ɗin yana can Zugurma. Na ranci mai a wajen wani mai injin niƙa, Laraba da sassafe na kama hanya. Na tarar da Malam Isa a ƙofar gidansa yana gyaran tayar keke, an karɓe masa makullin ofis an ba maigadi.

"Injiniya, kai ma an turo ka ka ƙirga kwalabe?" in ji shi.

"Zo mu je ka ga wani abu."

Maigadi ya buɗe, muka tayar da janareta. Na buɗe ƙaramin fayil ɗin. Layin farko, inda nakan rubuta wa kaina tuni, ya ce Mashegu. Layi na shida ya ce arba'in. Na karanta shi da ƙarfi, yadda ya kamata in yi tun wata guda da ya wuce.

Malam Isa ya dubi allon. Ya ce, "Ina tsakuwoyinmu?"

"Suna cikin faifan da ya mutu."

"To yanzu fa? Ka gyara shi mana."

Na ce in na gyara, shaidarsa ta tafi. Na ce ko takarda na buga, ko filofi na kwafa, za a ce daga Mashegu na ɗauko don in ceci abokina. Sai dai kwamiti ya ga na'urar da kanta, mai lambar Zugurma da fenti a jikinta, da rajistar Ardo a cikinta.

Ya ce, "Ka san in ta yi magana, kai za ta kama?"

Na ce na sani, ya samo mini katifa.

Ku da ke tura fayil daga waya zuwa waya ba ku san babban faifan wancan zamani ba. Ko tebur ka girgiza yana iya mutuwa. Kafin a ɗaga na'ura sai an ba ta umarni ta janye allurar da ke karanta faifan zuwa gefe. Na yi haka, na kwafi abin da zan iya a filofi biyu don ko ta kwana. Muka naɗe ta da katifar ɗansa, muka rufe da ledar taki, muka ɗaure. Da na ga yadda wurin ɗora kaya na bayan babur ke tsalle, na ce a'a. Malam Isa ya hau baya, matarsa ta kawo zani, muka ɗaure masa ita a ƙirji, ya rungume. Matar ta ce, "Malam, ko 'ya'yanka ba ka taɓa riƙewa haka ba."

Tafiyar da nake yi a awa uku, ranar ta cinye mana yini. Duk ramin da na faɗa sai in ji shi a bayana yana cewa, "A hankali, Injiniya, aikina ne a nan ciki." Muka iso rafi wajen la'asar, ruwa ya kai ƙugu, ja wur, yana gudu. Masu tsallakar da kaya suka ɗauki babur su huɗu. Ɗaya ya miƙa hannu zai karɓi ƙunshin, Malam Isa ya hana. Ya tuɓe riga, ya yi gammo da ita, ya ɗora na'urar a ka, ya shiga. Ina gefensa ta inda ruwa ke zuwa. A tsakiya ƙafarsa ta zame a kan dutse, ya durƙusa har ruwa ya kai masa haɓa, hannuwansa biyu suna sama. Na kama ƙugunsa. Wani daga bakin gaɓa ya yi ihu, "Amarya ce a ciki?" Muka fita, na tura hannu cikin ledar, katifa a bushe.

Alhamis da ƙarfe goma na ajiye ta a kan teburin kwamiti. Su uku ne, Dakta Ndagi a tsakiya. Ya ce, "Takarda na ce ka kawo."

"Yallaɓai, takardar ƙarya take yi. Ga wadda ta sa ta."

Na haɗa wayoyi, na danna. Fanka ta juya. Allo ya tsaya baƙi. Faifan ya yi ƙaras, ya yi shiru, ya sake yin ƙaras. Malam Isa yana tsaye a bakin ƙofa, ban juya na dube shi ba. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya duba agogonsa. Na san in faifan ya yi ƙarar nan sau na uku, an gama. Sai rubutu ya fito a kusurwa.

Na nuna musu sunan Mashegu a saman fayil ɗin, na nuna musu arba'in. Na nuna kwanan watan da aka taɓa shi na ƙarshe, shekara biyu baya, don su san ba jiya aka shirya shi ba. Mai agogon ya ce, "To wa ya ce casa'in ɗin naka ne daidai? Wa ya ƙirga?" Na roƙi akawu ya ɗauko takardar rigakafin bara ta Zugurma. Aka jira shi yana tonon kabad. Ya kawo: sanda goma sha biyu, allura dubu da tamanin, ba ƙorafi ko ɗaya a kanta. Dakta ya ɗauki biro ya raba da kansa.

Ya ajiye biron. "Wa ya sa arba'in a na'urar Zugurma?"

"Ni ne, Yallaɓai. Na canza babban fayil, ban buɗe ƙaramin ba. Sauri nake yi kada ruwa ya tare ni."

Ya sa aka miƙa wa Malam Isa makullinsa a nan take. Ni kuma ya ce za a sa mini takardar gargaɗi a fayil, amma ba wannan ne hukuncina ba. Ya ce, "Mu nan mun wanke shi, Fulani ba su ji ba. Kana jin Fulatanci. Ka je ka nemo Ardo duk inda yake, ka gaya masa da bakinka."

Kwana huɗu muka yi muna tambaya kafin muka same shi. Kafin nan ciwon ya taɓa garken, ya rasa wasu. Ya karɓe mu a tsaye, bai sa a kawo nono ba. Na yi masa bayani da Fulatanci. Na san inda maganar za ta kai, kuma ba hanyar kauce mata, don ba zan iya wanke Malam Isa ba sai na faɗi inda casa'in ya fito. Na faɗa masa zancen tudu da tsakuwa.

Ardo ya dogara da sandarsa, ya dube ni daga hula har takalmi. Ya ce, "Wato ka ƙirga mini shanu a ɓoye."

"Na ƙirga, Ardo."

"Sannan ka manta."

Wani dattijo a bayansa ya fashe da dariya, Ardo bai yi ba. Ya juya wajen Malam Isa ya ce, "Likita, na ɗora maka abin da ba ka yi ba a gaban mutane. A gaban mutane zan sauke shi." Ya ce jibi zai koro shanun, amma da sharaɗi. Likita ne kaɗai zai riƙe sirinji, wannan mai tsakuwa kuwa ya zauna ya ba garke baya har a gama.

Haka aka yi. Aka kawo mini turmi aka kife, na zauna ina fuskantar wata bishiyar ɗorawa tun hantsi har la'asar. Ina jin kofato, ina jin ihun makiyaya, ina jin Malam Isa yana kiran a kawo ta gaba. Allurar da aka ƙaro daga Kontagora ta isa, har kwalba biyu suka rage. A kan turmin nan na buɗe sabon littafi mai bangon kwali, na rubuta sunan kowace tasha, da kowane ɓangare, da kowane layi na saitinsa, da dalilin da ya sa aka sa shi. Littafin yana nan, na nuna wa jikana, ya ce su ma suna da irinsa a na'ura, sai dai ba kowa ke cike gurbin dalili ba.

Da na koma ofis ranar Litinin, ina wucewa ta ƙofar Dakta Ndagi, sai na ji muryarsa daga ciki: "Bakatsine, bawana! An ce Fulani sun sa ka gadin bishiya. Ita ma ka ƙirga mata ganye?"